Carbin Da Ya Tona Ni A Teburin Poka

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina girgiza kai, to yau ga nawa, wani ma ya samu abin girgiza wa kai. Ku yi mini uzuri, ba zan kama sunan kowa ba, har nawa.

Lokacin da abin ya faru shekarata biyar a Riyad, ina tuƙa wa wani gidan Larabawa mota. Mutumin Kano ne ni, kuma tun ina saurayi an san ni da abu biyu a unguwarmu: ba na rabuwa da carbi, kuma ba a cika cina a karta ba. Kartar ƙofar gida nake nufi, wadda ba a sa kuɗi, sai dai wanda aka ci a yi ta masa ihu har ya yi zuciya ya tashi. A wannan wasan namiji ba ya ja da baya. Ko katinka ya lalace, ka maka shi a kan tabarma da ƙarfi kana cika baki. Carbin kuwa na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, baƙi mai manyan 'ya'ya, ya sha hannu har yana sheƙi. Ko a danja na tsaya yatsuna suna kansa. Ban taɓa zaton halayen nan biyu za su haɗu su kusa kai ni ƙasa ba.

Aikin direban gida rabinsa jira ne. Matar gidan, wadda muke kira Madam, idan ta shiga wani katafaren kanti a unguwar Ulaya sai ta yi awa uku ba ta fito ba. Mu direbobi mu taru a wurin ajiye motoci na ƙasa, 'yan Indiya da 'yan Pakistan da 'yan Sudan, kowa na danna waya. A nan na saba da wani direba ɗan Filifin, gajere mai yawan dariya. Wata rana ya fito da karta daga aljihun mota, ya zazzage ƙwallayen dabino daga wani kofi ya raba mana, ya ce zai koya mini wasan da ya fi namu. Na yi dariya na ce masa ya kawo, bai san da wa yake magana ba.

Ya ce sunan wasan poka. Kowa a ba shi kati biyu a kife, shi kaɗai zai leƙa. Sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya waɗanda na kowa ne, amma ba gaba ɗaya ba: uku tukuna, sai ɗaya, sai na ƙarshe. A kowane mataki magana za ta zagayo kanka, ko ka bi abin da na gabanka ya zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka kife katinka ka fita, abin da ka riga ka zuba ya tafi ke nan. A ƙarshe wanda ya fi haɗa kati biyar masu ƙarfi daga nasa da na tsakiya shi ke kwashe tulin. Kati biyu masu lamba ɗaya sun fi babu, uku sun fi biyu, biyar a jere sun fi uku, biyar masu zane iri ɗaya sun fi jere, haka har sama. As ne babba, sai sarki, sai sarauniya. Idan kuma ka zuba da yawa kowa ya tsorata ya kife, ka ci, ko da babu komai a hannunka, kuma ba mai cewa ka nuna. Wannan na ƙarshen shi ya shiga raina, domin burga ai sana'ata ce tun a gida.

Bawan Allahn nan ya yi iya ƙoƙarinsa a kaina. Kullum yana ce mini, da Larabcinsa na titi, wanda ya iya poka yawancin katin da aka ba shi kifewa yake yi, ya zauna ya jira. Ya ce wanda magana ke zuwa kansa a ƙarshe ya fi kowa riba, don ya ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara. Ya ce in rage kallon kati, in riƙa kallon mutane. Ni kuwa duk wannan ta bayan kunnena yake bi. Kifewa a wurina tsoro ne, kuma ni ban zo Saudiyya don wani ɗan Filifin ya koya mini tsoro ba. Da yake ƙwallon dabino ne, in an cinye ni sai mu ƙara cin dabino mu samu wasu, ban taɓa jin zafin wautata ba.

Ranar Juma'a nake hutu. Bayan an sauko daga masallaci nakan tafi unguwar Batha in ci tuwo in ga 'yan gida. A wajen cin tuwon ne bakina ya ja mini, na hau ba da labarin yadda na ƙware a wani sabon wasa. Wani mutumin ƙasarmu mai sayar da kayan waya, wanda ba ya cire baƙin tabarau ko a cikin ɗaki, ya saurare ni har na gama. Sai ya dafa kafaɗata ya ce ai irina suke nema, akwai inda manya suke yi a saman wani bene, amma ba da ƙwallon dabino ba. Na san caca ce. Na san haramun ce, na kuma san idan hukuma ta kama mu iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta tafi, sai dai a sa ni a jirgi. Duk na sani, na bi shi da ƙafata.

Ɗaki ne ƙarami, mu shida muke zagaye wani teburi daga bayan Juma'a zuwa Magariba. Abin da har yau yake ba ni kunya shi ne idan an kira La'asar sai mu kife karta, mu yi alwala mu yi jam'i, mu shafa addu'a mu koma inda muka tsaya. Akwai wani dattijo ɗan Damagaram da ke share benen yana kuma sayar da shayi. Shi yake kawo mana, ya ajiye kofuna ya ɗan tsaya a bakin ƙofa. Makonnin farko na ci, kaina ya kumbura. Daga nan abin ya juya. Duk ranar da na samu kati mai kyau sai kowa ya kife, in kwashi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Duk ranar da na yi burga kuwa sai Mai Tabarau ya bi ni har ƙarshe ya kwashe. Na ce rashin sa'a ne, har na fara zargin ko asiri yake da shi a cikin tabarau ɗin.

Ana cikin haka kafil ɗina, wato mai gidan da nake ƙarƙashinsa, ya amince mini da hutun zuwa gida, bayan shekara uku ban ga iyalina ba. Da ɗan abin da na tara wanda caca ba ta taɓa ba na shiga kasuwar zinari na saya wa matata sarƙa da 'yan kunne. Baiwar Allahn nan ita ta riƙe mini yara uku da mahaifiyata duk tsawon shekarun nan, ba ta taɓa roƙona ko zobe ba. Na ɗauki hoton sarƙar na tura mata. Ta yi kuka a waya, ta nuna wa yayyenta, har leshi ta kai ɗinki wanda zai dace da ita. Saura mako biyu da 'yan kwanaki in tashi.

Juma'ar da ta biyo na sa akwatin sarƙar a aljihu na tafi Batha. Ba don komai na ɗauko ta ba sai don in nuna, wannan ita ce gaskiya. Aka yi ta yabawa, muka zauna. Kafin La'asar kuɗin hannuna sun kusa ƙarewa, raina ya ɓaci, idona ya rufe. Aka ba ni wasu kati biyu na banza, waɗanda ɗan Filifin zai kife ko bai gama leƙawa ba. Ni kuwa na yi ta ƙarawa, kowa ya fita sai Mai Tabarau. Da aka buɗe na ƙarshe ban haɗa komai ba, sai na ciro akwatin na dangwara a tsakiya, ina ganin ba mahalukin da zai bi wannan. Bai kalli fuskata ba, bai kalli akwatin ba. Ya ɗan sunkuyar da kai wajen hannuna, ya ce ya bi. Da ya buɗe, biyar guda biyu ne kawai gare shi. Da ɗan wannan abin ya ɗauke sarƙar matata ya sa a gabansa.

Ban san yadda na fito ba. Na samu matakalar bene na zauna, ina jan carbi ban ma san me nake faɗa ba. Dattijon nan ya zo da tsintsiyarsa ya tsaya a kaina.

"Ɗana, wa ya ce maka katinka a ɓoye yake?"

Na ce, "Baba, ban gane ba."

Ya nuna hannuna da bakin tsintsiya. Ya ce wata uku yana kallona daga bakin ƙofa. Idan kati mai kyau ya zo mini, yatsuna sai su tsaya cak a kan ɗan carbi guda. Idan na banza ne kuma ina shirin burga, sai su hau gudu kamar ana kora su. Ya ce kowa a teburin nan ya sani, in na fita ma gidan rediyo suke kirana. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ashe ba asiri ba ne, ba rashin sa'a ba ne. Ni ne nake zama a gaban mutum biyar ina karanta musu katina da carbin mahaifina.

Ku ji irin zuciyar ɗan caca. Maimakon in yi nadama, sai wani farin ciki ya kama ni. Na ce wa dattijon ai shi ke nan na samu maganinsu, mako mai zuwa zan juya abin, in ja carbi da gudu idan katina ya yi kyau, in tsayar idan burga nake. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar.

"Kai shi wajen caca bai ishe ka ba, sai ka yi ƙarya da shi? Kawo nan."

Ya miƙo hannu, ni kuma na kasa hana shi. Ya sa carbin a aljihun rigarsa. Ya ce shawararsa ita ce in bar musu sarƙar, in gaya wa matata gaskiya, in tafi gida da mutuncina. Amma ya ga idona, ya san zan koma. Ya ce ranar da na sauko daga benen nan saukowar da ba komawa, in zo in karɓi kayana.

Satin nan ban ji daɗin duniya ba. Hannuna ya zama wani iri, in tsaya a danja in ji yatsuna suna lalube babu abin kamawa. Matata ta kira tana tambaya ko akwatin yana da ɗan makulli, na ce mata eh, muryata na rawa, ta zaci mura ce. Na koma wajen ɗan Filifin na ba shi labari. Bai yi dariya ba. Ya zazzage ƙwallayen dabinonsa, muka zauna a bayan mota kullum Madam ta shiga kanti, ya sa ni ina kifewa, ina kifewa, har na daina jin kamar an zage ni. A wannan satin ne na fara jin abin da yake gaya mini tun watanni.

Juma'ar ƙarshe na hau benen da albashina na watan a aljihu. Na zaɓi kujerar da ke hagun Mai Tabarau, yadda duk abin da zai yi sai ya riga ni. Akwatin sarƙar yana gabansa, bai sayar ba, ya ajiye shi ne don ya jawo ni. Na ɗora hannuwana biyu a kan teburi, babu komai a cikinsu. Na ga kansa ya sunkuya ya ɗago, ya sake sunkuyawa. Wani ya tambaya ina carbin Alhaji, na ce yana wajen gyara.

Daga nan har La'asar kifewa nake yi. Aka ba ni, na leƙa, na kife. Suka fara tsokana, wai yau kallo na zo, wai ko an yi mini wa'azi ne a masallaci. Da a da ne da tuni na zuba duk abin da ke gabana don in rufe musu baki. Na hau kallonsu ɗaya bayan ɗaya, karo na farko tun da na fara hawa benen nan. Sau uku kacal na shiga, da kati masu ƙarfi, kuma da yake ba rediyo aka bi ni, na ci. Amma babban abin da na samu ba wannan ba ne. Na lura Mai Tabarau idan yana da kati na gaske shiru yake yi, ya ɗauki shayinsa yana kurɓa a hankali. Idan kuwa burga ce sai Larabci ya ɓarke masa, ya hau cewa yalla yalla, wato a yi sauri, yana buga teburi da ɗan yatsa. Sau huɗu na ga haka, sau huɗu bai saɓa ba. Ashe shi ma da nasa rediyon, ni ne dai ban taɓa kunnawa ba.

Bayan La'asar aka ba ni sarki da goma. Na shiga. Cikin ukun farko da aka buɗe akwai sarki, na samu sarki biyu ke nan. Ya zuba, na bi. Aka buɗe na huɗu, ya ƙara, na bi, sauran suka fita. Da aka buɗe na ƙarshe sai ga masu zanen zuciya guda uku a tsakiya. Idan yana riƙe da wasu biyu masu zuciya, ya haɗa biyar iri ɗaya, sarakunana ba su da wani amfani. Ya tura akwatin sarƙar tsakiya, ya ce in ina so in biya da duk abin da ke gabana har da wayata. Na kalli kofin shayinsa, yana nan cike bai taɓa ba. Sai na ji ya ce, "Yalla ya Alhaji, yalla, kar ka ɓata mana lokaci." Ɗan yatsansa yana ta buga teburi.

Na tura komai na ce na bi. Ya daɗe bai buɗe ba. Da ya buɗe, tara ce da takwas, babu mai zuciya ko ɗaya, bai haɗa komai ba. Na miƙa hannu na ɗauko akwatin, na buɗe na ga sarƙar tana nan da 'yan kunnenta, na sa a aljihun gaba na danne da tafin hannu. Daɗin da na ji a lokacin ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin irinsa ba.

To a nan ne ainihin jarrabawar ta zo. Ƙa'idar ɗakin ita ce wanda ya yi babban ci ba ya tashi nan take. Kafin in motsa har an raba wani, kati biyu suna gabana. Hannuna da kansa ya ɗaga gefensu. As biyu. Babu abin da ya fi wannan a farkon poka, wata uku ina zuwa ban taɓa samunsu ba sai yau. Ga tulin kuɗi a gabana, ga Mai Tabarau ransa a ɓace, na san duk abin da na zuba zai bi. Zuciyata ta ce wannan ɗaya kawai, ka mayar da duk abin da suka ci maka, ka ƙara wa yara tsaraba. Ita ce dai muryar da ta ce in ciro akwatin a makon jiya, na gane ta.

Na kife su. Na ware albashina da wayata, na tura sauran tsakiya na ce kowa ya ɗauki nasa, ni na gama. Na miƙe. Wani ya kai hannu ya buɗe katin da na bari. Mai Tabarau ya cire tabaransa yana kallon As biyun nan, ranar na fara ganin idonsa, ƙanana ne jajaye, na mutumin da ba ya samun barci. Ya ce mini ban da hankali. Na ce masa yau na samu.

Na sauko ana kiran Magariba. Dattijon yana ƙasan bene yana wanke kofuna. Bai tambaye ni ko na ci ko an ci ni ba. Ya dube ni, ya ce saukowar ce? Na ce ita ce, Baba. Na miƙa hannu, sai ya janye aljihunsa.

"Je ka yi alwala tukuna."

Na yi, muka yi salla a sahu ɗaya, bayan sallama ya ɗora mini carbin a cinya. Na riƙe shi na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifina.

Na je gida, na ba matata sarƙarta. Kwana uku ina kallonta a wuyanta abin yana cina, a na huɗu na zaunar da ita na gaya mata komai. Ta cire ta sa a akwati, mako guda ba ta sa ba, ba ta kuma yi mini dariya ba. Ranar da zan dawo ta sako ta ta rako ni har bakin mota, ta ce ta yafe, amma in san cewa duk lokacin da ta sa ta tana tuna inda ta kwana. Na karɓi wannan, hakkina ne. Yau shekara biyu ke nan ban taɓa karta ba, ko ta ƙwallon dabino.

'Yan'uwana da ke aiki a ƙasar nan, kada wani ya karanta labarina ya ce ashe ana komawa a ƙwato. Shawarar dattijon ita ce daidai, ni ne na ƙi ji. Da a ce mutumin nan yana riƙe da masu zuciya biyu a ranar, da na hau jirgi ba sarƙa, ba albashi, ba waya, kuma duk lura da na yi ba ta hana hakan faruwa. Allah ne ya rufa mini asiri, ba don na cancanta ba, kuma har yau ina neman gafararsa a kan komawar nan. Na ga waɗanda suka fi ni iya wasan suna hawa benen nan shekara da shekaru, ba wanda ya gina ko ɗaki da shi. Idan wani ya dafa kafaɗarka a Batha ya ce irinka suke nema, gaskiya ya faɗa, irinka suke nema. Ni dai a duk abin da na koya a poka, kifewa ce kaɗai ta amfane ni, kuma cin da nake alfahari da shi a rayuwata shi ne As biyun da na bari a kan teburin nan na sauko na karɓi carbin mahaifina.